Shirun da Na Yi a Tsibirin Iska

Abin da na fara sani game da ƙasar nan shi ne ba a yi wa baƙo sannu da zuwa. Na fito daga filin jirgin babban birninsu da akwatuna biyu, babbar riga a ƙarƙashin kwat, shekaruna sun haura hamsin da nisa, fiye da rabinsu na shafe ina aikin injiniya a hukumar wutar lantarki, amma babu wanda ya ɗaga kai ya dube ni. Daga baya na gane ba raini ba ne, haka suke ko a tsakaninsu. Sai dai mutumin da ya saba masinja ya karɓi jakarsa tun daga bakin mota a Abuja ba ya fahimtar wannan a rana ɗaya.

Ya kamata in faɗi abin da ya kai ni. Ana shirin kafa tashar lantarki mai aiki da iska a arewacin ƙasarmu, ana neman wanda zai shugabanci haɗa ta da babban layin wuta. Masu ba da rancen aikin suka gindaya sharaɗi: wanda za a naɗa sai ya taɓa jagorantar binciken haɗa irin wannan tasha da layi a tasha mai aiki, kuma babban injiniyan wurin ya sa hannu ya shaida. Aka tura ni shekara guda wani kamfani a arewacin Turai, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Ritayata ta kusa. In na dawo da sa hannun, zan rufe aikina da abin da za a nuna a ce wane ne ya haɗa. In ban dawo da shi ba, zan koma teburina in jira ranar da za a miƙa mini agogon bango a yi mini tafi.

Zangon farko babban birnin ne, inda aka ajiye ni ana koya mini dokokin tsaro na aiki a teku. Tun ina gida na kama ɗaki ta hannun wani dillali wanda ya turo mini hoton falo mai taga biyu da tukunyar fure. Da na isa, falon na nan kamar yadda yake a hoto, amma na maigidan ne. Nawa ɗakin yana ƙarƙashin ƙasa kusa da injin wanki, tagarsa daidai da takalman masu wucewa. Na kira dillalin, ya ce cikin fara'a hoton gidan ya turo, bai ce na ɗakin ba ne. Daga ranar wayarsa ba ta ƙara shiga ba. Na yi sallolina a tsakanin gado da bututun ruwan zafi, ina jin wankin mutanen sama yana juyawa a bayan kaina.

A wurin horon aka sa mini rigar roba mai matse jiki, aka jefa ni cikin tafki tare da samari sa'annin 'ya'yana, aka ce in hau kwalekwalen ceto. Na hau. Ba zan bayyana yadda na hau ba.

Zango na biyu garin gaɓa ne, tafiyar jirgin ƙasa mai tsawo cikin gonaki shimfiɗaɗɗu da babu ko mutum ɗaya a cikinsu. Daga nan jirgin ruwa ya ɗauke ni zuwa tsibirin da tashar kamfanin take. Ban taɓa sanin cewa cikin mutum yana da ra'ayinsa dabam da na kansa ba sai a wannan jirgi. Ina rataye a jikin ƙarfen baranda, na ɗaga ido na hango injinan iskar: farare, dogaye, kowanne da fukafukai uku, sun jeru cikin ruwa har inda ido ya ƙare. Na manta da amai na ɗan lokaci. Na ce a raina, tsarki ya tabbata ga wanda ya hore wa ɗan Adam iska.

A bakin mashigin tsibirin na ji an ce, "Baba, sannu da hanya!"

Wata nawa ban ji Hausa ba sai ta waya. Mai maganar mutum ne ɗan shekara arba'in da wani abu, fari, mai ƙaramin gemu, ya rusuna har ƙasa a kan jiƙaƙƙen siminti ya karɓi akwatina. Sunansa Nasiru, injiniya ne a kamfanin, ya daɗe a ƙasar har ya iya harshensu. Ya ce da ya ga sunana a jerin masu zuwa ya kasa barci don murna. Shi ya samo mini ɗaki a saman wani shagon burodi, shi ya nuna mini alƙibla, shi ya koya mini wane kwandon shara ne na kwalba wane ne na takarda. Hausarsa cike take da Turanci irin ta yaran Abuja, abin da ba na so, amma a can ko tsakuwa ce a cikin shinkafar gida, da na tauna ta da godiya.

Babban injiniyan tashar shi ne Dakta Yensen, dattijo mai farin gashi wanda ya girme ni, dogo, ɗan rankwafe, yana zuwa aiki a kan keke cikin ruwan sama. Na tsaya in gaishe shi yadda ya kamata, in tambayi iyali da gajiya. Ya girgiza hannuna sau ɗaya, ya ce in kira shi da sunansa na yanka, ya nuna mini teburina a tsakiyar wani babban ɗaki da kowa ke ganin kowa. Ofishinsa ma bangon gilashi ne, ƙofar ba ta rufuwa. Ban taɓa iya kiran sunansa gatsau ba har na baro ƙasar. Dakta nake cewa, shi kuma ya gaji ya ƙyale ni.

Sanyi ya shigo. Rana ta koma leƙowa kawai take yi ta koma. In na kira Hajiya matata a gidanmu na Orozo da ke bayan garin Abuja, sai ta juya wayar ta nuna mini doyar da maƙwabta suka haƙo, da mangwaron da na dasa, har wutar gidan ta ɗauke hoton ya yi duhu, mu ci gaba da magana ba ma ganin juna. Bayan na kashe wayar sai in zauna ina sauraron iska tana dukan taga. Ƙanshin burodi ke tashe ni kullum, ni kuwa koko da ƙosai nake mafarki.

A shagon da ake sayar da kayan ƙasashen waje na haɗu da Madam Ladi. Ina juya wata busasshiyar kuɓewa ina tsaki, sai na ji mace a bayana ta ce, "Oga, wannan kuɓewa ya mutu tun bara, ka bar shi." Bagwariya ce Kirista, 'yar wajen Karshi da ke kusa da Orozo, tana aikin kula da tsofaffi a wani gida a tsibirin. Da ta ji a Orozo nake zaune sai ta dafe ƙirji, ta fara lissafo mini mutanen da na sani da waɗanda ban sani ba. Daga ranar, duk Lahadi in ta taso daga coci sai ta biyo ta ajiye mini kwanon miya a bakin matakala. Ba ta taɓa hawowa sama ba. Takan ɗaga murya daga ƙasa ta ce, "Injiniya, abincinka yana nan, kar kare ya riga ka!" Allah ya saka wa wannan baiwar Allah da alheri.

Yanzu sai in yi bayanin aikin, don wanda bai san shi ba ya gane abin da ya faru.

Injin iska ba ya zuba wutarsa cikin layi kai tsaye kamar injinan madatsar ruwa da na saba da su. Kowanne yana da na'urar sarrafawa wadda ke auna ƙarfin wutar layi ba ƙaƙƙautawa, tana gyara abin da injin ke bayarwa. Shi kuwa kebul ɗin da ya ratsa ƙarƙashin teku, saboda tsawonsa, yana tara caji kamar randa, tiransifoma kuma tana da nata halin na jan ƙafa ga gudun wuta. In aka haɗa biyun sai su sami wani kari nasu, su riƙa miƙa wa juna wuta tana kai da komo kamar lilo. Lilo in an bar shi zai tsaya da kansa. Haɗarin yana wurin na'urar sarrafawa. Ta ga wuta ta yi sama, ta yunƙura ta danne ta, amma gyaran ya iso a makare da ƙiftawar ido, lokacin da wutar ta riga ta juyo ƙasa. Sai mai son tsayar da lilo ya zama mai tura shi. Duk wanda ya ga an ɗauko ruwa a daro daga rafi ya san abin: in takun mai ɗauka ya yi daidai da kaɗawar ruwan, sai ya tumbatso komai natsuwarta. Shi ya sa ake yanko ganye a jefa a kai.

Layi biyu ne ke kwasar wutar tashar daga gaɓa zuwa cikin ƙasa. In duka suna aiki, karin lilon yana can sama, nesa da inda na'urar ke iya taɓa shi. A lokacin kamfanin yana son ƙara wasu manyan kafasito, wato na'urorin tara caji, a gaɓa don ɗaga ƙarfin wuta, aka ba ni jagorancin binciken, a ƙarƙashin Dakta. Shi ya riga ya yi lissafin farko da hannunsa, lissafi mai tsabta, amma ya yi shi ne da layi biyu suna aiki, domin a ƙasarsu da wuya layi ya fita. Mu kuwa a gida layi mai rauni shi ne tuwon yau da gobe. Tun ina ƙaramin injiniya ban taɓa fara lissafi da zaton komai yana aiki ba. Na cire layi ɗaya, na ƙara kafasiton, na sa duk injinan suna juyawa. Karin ya sauko, ya faɗo daidai hannun na'urar sarrafawa. Na sake lissafin ta wata hanya, ya sake faɗowa wuri guda.

Na gama wannan ne ana gobe taron amincewa da aikin.

Ɗakin ya cika. Ga wakilan masu tashar sun zo daga babban birni, ga matasan injiniyoyi, har da wata yarinya 'yar jami'a mai sanin makamar aiki. Dakta ya tsaya ya yi bayanin lissafinsa. Da ya gama sai ya bi teburin ɗaya bayan ɗaya, yana kiran sunan kowa yana tambaya ko yana da ja. Da ya zo kaina na dubi farin gashinsa, na dubi baƙin da suka zo daga nesa, na dubi yaran da ya koyar. Malaman da suka rene mu a makarantar kwana sun koya mana lissafi da bulala, amma iyayenmu sun riga su koya mana cewa ba a kwance wa babba zani a kasuwa. In dattijo ya yi kuskure, bari ake yi taro ya watse, a same shi shi kaɗai, ko a aika masa wanda yake jin maganarsa, ya gyara da kansa kamar shi ya gano. Haka na yi wa shugabannina shekara da shekaru, haka na ƙasa da ni suka yi mini, kuma ba a taɓa fasa gyara ba. Na sunkuyar da kai. Dakta ya wuce kan na gaba.

Ban san cewa a wurinsu wannan zagayen shi ne hukunci ba. Wanda ya yi shiru ya amince, an rubuta, an wuce wurin.

Da aka tashi na ce wa Nasiru ya raka ni gidan Dakta. Ya ce, "Baba, a nan ba a zuwa gidan mutum sai ya gayyace ka. Zai ɗauka wani abu ne." Wannan gaskiya ya faɗa. Ofis kuwa gilashi ne, in na shiga da takardu kowa zai ga ana gyara wa Dakta lissafi. Sai na tuna kullum tare suke cin abincin rana su biyu. Na kira Nasiru ɗakina, na dafa masa shayi, na zaunar da shi na bi da shi lissafin daga farko har ƙarshe, har sai da na tabbata ya gane. Na ce ya sami Dakta a keɓe ya nuna masa, kada ma ya ambaci sunana in ba dole ba.

"Baba, ka bar mini wannan," in ji shi. "Zan yi handling ɗinsa. Ka ɗauka an gama."

Bayan 'yan kwanaki na tambaye shi. Ya ce ya isar, Dakta ya ce yana dubawa. Na yi hamdala. Ban tunkari Dakta ba, domin tambayarsa tuni ne, tuni kuwa ga babba a kan kuskurensa rabin gori ne. Da na ga ana ci gaba da kafa kafasiton, na ɗauka ya canza saitin na'urorin a nasa ɓangaren ba tare da hayaniya ba, yadda dattijon kirki zai yi.

Aka kunna kafasiton, komai ya tafi lami lafiya, domin layi biyu suna aiki. Sai wata rana da hantsi aka cire layi ɗaya don gyara, iska kuma tana kaɗawa da ƙarfi. Ina cikin ɗakin lura da tashar. Da kunne na fara jin abin kafin ido: gurnanin tiransifomar da ke bayan ginin ya canza murya, ya koma rawa. Na dubi allo. Zanen ƙarfin wuta, wanda ya kamata ya miƙe siriri, ya fara kauri, yana kumbura yana sacewa, kowane kumburi ya fi na baya. Fitilun ɗakin suka fara ƙifce. Na miƙe tsaye, ban kai ga buɗe baki ba na'urorin kariya suka yanke. Ta taga na ga fukafukan suna rage gudu, wannan bayan wannan, har tekun ya cika da fararen sanduna a tsaye. Wasu kayan tace wuta a gaɓa sun ƙone. Rabin tsibirin ya rasa lantarki a tsakiyar hunturu.

Wayata ta yi ƙara. Madam Ladi ce. "Injiniya, ɗauke wuta ya biyo ka har nan? Mu mun gudu mun bar shi a gida!" Ta yi dariya, sannan muryarta ta sauka. Ta ce wani tsoho mai keken guragu ya maƙale a lif tsakanin hawa biyu, tana tsugune a bakin ƙofa tana yi masa waƙa don kada ya firgita. An fito da shi lafiya. Amma na daɗe ina ganin wannan tsoho a idona, ko da yake ban taɓa ganinsa ba.

A taron bincike Dakta ya tsaya gaban kowa ya ce lissafinsa ne bai cika ba. Ya faɗa a sarari, ba tare da muryarsa ta yi rawa ba. Ya tambaya ko akwai mai bayanin yadda abin ya faru. Nasiru ya miƙe. Ya je gaban allo ya zana lissafina, layi bayan layi, har da misalin da na ba shi a kan shayi. Ya ce ya fara zargin haka kwanan baya, amma bai kammala ba abin ya auku. Bai dubi inda nake ba ko sau ɗaya. Aka yaba masa.

Na sake yin shiru. In na tashi, ɗan gida zan ƙaryata a gaban bare, a ce ga baƙaƙen fata biyu suna rigima a kan allo.

Washegari Dakta ya ce in raka shi duba kayan da suka ƙone. A cikin mota, yana kallon hanya, ya ce, "Kai ne jagoran binciken nan. Na tambaye ka a taro, ba ka ce komai ba. Ba ka gani ba ne?"

"Na gani, Dakta."

Ya taka birki a gefen hanya, ya juyo gaba ɗaya ya dube ni.

Na gaya masa yadda aka yi. Ban zagi Nasiru ba, na ce dai na ba da saƙo, ga alama bai isa ba.

"Na yarda da kai," in ji shi. "Nasiru kuwa na san abin da zan yi da shi. Amma da ka ce mini ba ka gani ba, da ya fi mini sauƙi. Wanda bai gani ba ana koya masa. Me ya hana ka magana?"

"A ƙasarmu ba a kunyata babba a gaban yaransa."

"Injinan nan sun kunyata ni a gaban tsibiri guda," ya ce. "Na zaunar da kai a teburin nan ne don ka ce mini na yi kuskure. Aikin ke nan. In ba haka ba, me zan yi da mutane a ɗaki? Ai da madubi zan saya."

Ina da amsoshi, har yau ina da su, domin al'adar da ta riƙe gidaje da ofisoshi tun kaka da kakanni ba wauta ba ce. Sai dai tana tsayawa ne a kan ƙafa ɗaya, wato amanar ɗan aike.

Aka kira taro na uku don tsayar da gyara. Nasiru yana nan, domin ba su yanke hukunci a kansa ba tukuna. Shawarar da ke kan tebur ita ce a cire kafasiton a koma yadda ake, Dakta ma ya ce yana ganin hakan ya isa. Ya fara zagayensa. Da ya kira sunana na miƙe tsaye, abin da ba a yi a wurinsu. Na fara da cewa ina girmama ilimin Dakta da shekarunsa, kuma ba ni da nufin...

"Je ka kan maganar," in ji shi.

Na ce cire kafasiton bai isa ba. Zai ɗaga karin lilon, amma in layi ɗaya ya fita kuma duk injinan suna aiki, har yanzu yana kusa da hannun na'urar. Dole a rage mata garaje, a sa ta daina bin kowane motsi da gaggawa, sannan a ƙara mata abin da zai shanye kaɗawar, ganyen kan daro ke nan. Na ce lissafin Dakta na biyu ma bai cika ba. Na faɗi haka da bakina, a gaban yaransa.

Na tsaya ina jiran rufin ɗakin ya faɗo. Dakta ya ja takarda ya yi ɗan rubutu, ya ce a gwada a kwamfuta kafin la'asar. Yarinyar jami'ar ta yi mini tambaya a kan saitin, na amsa. Aka gwada, ya fito yadda na ce. Dakta ya ce, "Na gode," kamar wanda aka miƙa wa gishiri a kan tebur, aka wuce magana ta gaba. Babu wanda ya sunkuyar da kai, babu wanda ya saci kallon Dakta. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Kunyar da na tsare masa da shiruna, har tsibiri ya yi duhu, babu ita a ɗakin tun farko.

Aka saita na'urorin yadda na tsara. Da aka sake cire layi ɗaya don gwaji, zanen ya miƙe siriri bai motsa ba.

Da shekarata ta zo ƙarshe na shiga ofishin gilashin. Dakta ya ce zai rubuta cewa gyaran nawa ne, kuma ya rubuta, da kalmomi masu kyau. Amma ya ce ba zai sa hannu cewa na jagoranci binciken haɗa tasha har ta tsaya lafiya ba, domin binciken da na jagoranta ya ƙare da tasha a kashe. Ya ce za a faɗaɗa tashar baɗi. In zauna in ja wannan aikin daga farko, zai sa hannu da farin ciki.

Na ce, "Dakta, shekara ce ba ni da ita."

Ya cire tabarau ya murza idanunsa. Ya ce ya sani. Ya raka ni har bakin ƙofar ginin, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba.

Ranar tafiyata Madam Ladi ta zo mashigi da kayan aikinta a jiki, ta ce in gaida Orozo, in gaida duwatsu, in ce musu tana zuwa. Jirgin ya yi ƙaho, sai ga Nasiru. An mayar da shi wani ƙaramin sashe, mun daɗe ba mu haɗa ido ba. Ya rame. Ya rusuna kamar ranar farko, yana riƙe da wani ƙunshi da aka naɗe da leda.

"Baba," ya ce, idonsa a ƙasa, "mahaifiyata tana Abaji. Maganin ciwon ƙafa ne da rigar sanyi. Babu mai tafiya gida kwanan nan sai kai."

Madam Ladi, wadda ta san komai, ta ce, "Kai, Nasiru, kunya bai kama ka ba?"

Na miƙa hannu na karɓa.

A Abuja na kai takardar Dakta ofis. Aka karanta, aka yaba, aka ce sai dai ba ita masu rancen suka nema ba. Aka naɗa wani. Na koma teburina na zauna har ranar agogon bango.

Amma kafin wannan, a makon da na sauka, na sa direba ya kama hanyar Lokoja. Muka isa Abaji da azahar, muka yi tambaya a kasuwa har aka nuna mana gidan. Tsohuwa ce ƙarama, tana zaune a kan tabarma ta miƙe kumburarrun ƙafafu. Da ta ji daga inda na fito sai ta fara kuka, ta sa aka kawo mini ruwa da fura.

"Kai ne Injiniyan?" ta ce. "Ya gaya mini a waya, ya ce Allah ya ba shi uba a can. Yana dai jin maganarka ko, Alhaji?"

Na ce, "Yana lafiya, Hajiya. Yana aiki." Na ajiye ƙunshin a gabanta. "Ga saƙonki. Ki buɗe a gabana ki duba ko ya cika."

Ta ce haba, ai ba sai ta duba ba. Na ce ina roƙonta ta duba. Ta kwance ledar, ta fito da maganin, ta fito da rigar ta shafa ta a kumatu.

"Ya cika," in ji ta.

Na yi mata sallama, na ce wa direba mu koma.